Daga Ambulan Zuwa Kwamfuta: Yadda Likitocin Unguwa a Birtaniya Suka Koyi Bin Sawun Marasa Lafiya

A shekarar 1968 wani likita a ƙauyen Glyncorrwg da ke kudancin Wales ya ƙudiri aniyar auna hawan jinin kowane baligi da ke ƙarƙashin kulawarsa, da mai ciwo da mai jin kansa garau, da wanda ya saba zuwa asibiti da wanda bai taɓa leƙowa ba. Sunansa Julian Tudor Hart. Ƙauyen na mahaƙa kwal ne, can ƙuryar kwarin Afan, mutanensa wajen dubu biyu, talauci ya yi musu katutu, ƙurar rami ta ci huhun mazajensu. Hart ɗan Landan ne, ya sauka a garin a 1961 bayan ya yi aiki da manyan masu binciken yaɗuwar cututtuka irin su Archie Cochrane, kuma bai bar aikin ba sai 1987.

Abin da ya zaburar da shi sabon ilimi ne a lokacin. A 1967 wani gwaji da aka yi kan tsofaffin sojoji a Amurka ya nuna cewa idan aka saukar da jinin da ya hau sosai da magani, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da mutuwar farat ɗaya suna raguwa ƙwarai. To amma hawan jini ba ya sa zazzaɓi, sau da yawa ko ciwon kai ba ya sawa. Likitan da ya zauna yana jiran mai ciwon ya kawo kansa zai gan shi ne ranar da aka ɗauko shi ranga-ranga.

Dabarar Hart ba ta da wani sirri. Duk wanda ya shigo, ko tari ya kawo shi, ko ciwon baya, ko takardar hutun aiki, sai an ɗaura masa abin awo a dantse. A gefe guda akwai jerin sunayen mutanen garin kaf, da shekarunsu da jinsinsu, ana soke sunan wanda aka auna. Waɗanda suka rage aka aika musu da gayyata. Waɗanda suka yi biris da gayyatar aka bi su har gida. Matarsa Mary, wadda ita ma ta ƙware a aikin bincike tun a wurin Cochrane, ita ce ƙashin bayan wannan lissafi. Da aka kammala, sun auna kusan kowa tsakanin ɗan shekara 20 da ɗan 64, kuma mujallar Lancet ta buga sakamakon a 1970. Abokan aikinsa sukan ba da labarin mutumin da ya fi kowa taurin kai, wanda shi ne na ƙarshe da ya yarda aka auna shi: aka tarar jininsa ya kai maƙura, aka ɗora shi kan magani, ya ƙara shekaru masu yawa a duniya.

Duk wannan da takarda da biro aka yi shi. Kuma takardar da likitan unguwa ya gada a Birtaniya ba a yi ta don irin wannan aiki ba.

Asalinta dokar inshora ce ta 1911, wadda David Lloyd George ya tsaya kai da fata a kanta lokacin yana ministan kuɗi. Dokar ta ba ma'aikata masu ƙaramin albashi damar yin rajista da likita guda, gwamnati kuma ta wajabta wa likitan ya riƙa rubuta abin da ya gani. Bayan yaƙin duniya na farko, a farkon shekarun 1920, aka fito da wata 'yar ambulan mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, faɗinta inci biyar tsawonta kamar bakwai, ana zura katuna a ciki. Ita ake kira ambulan ɗin Lloyd George har yau. Da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ranar 5 ga Yulin 1948, kowa da kowa ya samu likitansa, mace da yaro da tsoho, kowa kuma ya samu ambulan ɗinsa.

Ambulan ɗin tana da wata baiwa da ƙasashe da yawa ba su samu ba: tana bin mai ita. Idan mutum ya tashi daga wannan gari ya yi rajista da sabon likita a wancan, ana aika masa da ita. Ke nan tarihin lafiyar ɗan Birtaniya, daga haihuwa har mutuwa, yana wuri guda, kuma kowane likita ya san iyakar mutanen da ke wuyansa, domin da yawan sunayen da ke jerinsa ake biyansa. Wannan jeri shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Inda babu shi, likita ya san waɗanda suka zo ne kawai, ba shi da hanyar sanin waɗanda ya kamata su zo amma ba su zo ba.

Aibinta kuwa ƙanƙanta. Wasiƙun manyan asibitoci sai an ninke su sau uku ko huɗu kafin su shiga. Bayan shekara talatin ambulan takan kumbura har ta yage, katunan sun cakuɗe, rubutun likitoci biyar ya hau kan juna, wani ma mai shi ba ya iya karanta shi. A 1950 wani likita ɗan Ostireliya, Joseph Collings, ya zaga ɗakunan likitocin unguwa 55, ya rubuta rahoto a Lancet da ya girgiza masu sana'ar: ya ga ana duba mutane a gurguje, kayan aiki babu, rubutu kuma sai abin da ba a rasa ba. Kunyar wannan rahoto na cikin abin da ya kai ga kafa kwalejin likitocin unguwa a 1952.

Ko da an tsara ambulan ɗin tsaf, tambaya ɗaya take iya amsawa, wato me ya taɓa samun wannan mutum da ke zaune gaban likita. Idan aka tambayi likita masu ciwon suga nawa yake da su, ko su wane ne ba a duba idonsu ba bana, sai ya zazzage ambulan dubu biyu ɗaya bayan ɗaya. Masu himma suka riƙa manna 'yan takardu masu launi a bakin ambulan, wannan launi na ciwon suga, wancan na farfaɗiya. Wasu suka buɗe littafin rajista na kowace cuta, kamar dai littafin bashin mai kanti, wanda amfaninsa shi ne ya nuna wa ya daɗe bai leƙo ba. A Amurka kuma wani malamin likitanci, Lawrence Weed, ya fito a 1968 da shawarar cewa kowane fayil ya fara da jerin matsalolin mai shi a shafin farko, kowace da lambarta, duk abin da aka rubuta daga baya a rataya shi a kan matsalar da ya shafa. Manhajojin asibiti na yau a kan wannan tsari suke tafiya.

Girman matsalar ya fito fili a farkon shekarun 1970, lokacin da masu bincike suka lura da abin da aka riƙa kira ƙa'idar rabi da rabi: rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, rabin waɗanda suka sani ba sa shan magani, rabin masu shan maganin kuma jininsu bai sauka ba. In aka bi lissafin, mutum ɗaya ne cikin takwas yake samun abin da ya kamata. Maganin yana nan a kanti. Wanda zai nemo mutanen ya riƙe su shi ne babu.

A Glyncorrwg an riƙe su sama da shekara ashirin, aka faɗaɗa aikin ya haɗa da shan taba, ƙiba, ciwon suga da shan giya. A 1991 Hart da abokan aikinsa suka buga lissafin a mujallar BMJ, inda ya nuna cewa mutuwa kafin tsufa a garin ta yi ƙasa da kusan kashi 28 cikin ɗari idan aka kwatanta da Blaengwynfi, ƙauyen maƙwabta mai irin talaucinsu da irin sana'arsu. Ƙauyuka biyu ƙanana ba su isa a yanke hukunci da su kamar yadda ake yi da babban gwaji ba, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya san yadda ake fama kafin a shawo kan mahaƙin kwal ya haɗiyi ƙwaya kullum saboda ciwon da ba ya ji a jikinsa, ya san ba ƙaramin abu aka yi ba. Hart ne kuma mutumin da ya rubuta a 1971 cewa kulawar likita mai kyau takan yi ƙaranci daidai inda aka fi buƙatarta, musamman inda aka bar harkar lafiya a hannun kasuwa.

Kwamfuta ta shigo ɗakin likitan unguwa da wuri fiye da yadda mutane ke zato. A 1970 Dokta John Preece na Whipton, kusa da birnin Exeter, ya gwada ajiye bayanan marasa lafiya da na'ura a ɗakin duba su, tare da kamfanin IBM. A 1975 cibiyar lafiya ta Ottery St Mary, ita ma a yankin, ta koma rubuta bayananta a allon da aka haɗa da wata babbar kwamfuta a Exeter. Tsadar abin ta hana shi yaɗuwa. Sai da ƙananan kwamfutoci suka fito, gwamnati ta tallafa wa cibiyoyi 150 suka saya a 1982, sannan harka ta fara motsi.

Abin lura shi ne su wa suka rubuta manhajojin. Yawancinsu likitocin unguwar ne da kansu, ko masu aiki kafaɗa da kafaɗa da su. A ƙauyen Egton da ke arewacin Yorkshire, Dokta Peter Sowerby da Dokta David Stables suka ƙirƙiro wadda ta zama EMIS, wadda har yanzu tana cikin manya biyu da suka mamaye Ingila, ita da SystmOne. A garin Loughborough, Dokta James Read ya zauna ya ba kowace cuta, kowane gwaji da kowane magani lamba ta musamman, domin na'ura ba ta gane cewa mai rubuta suga ta hau da mai rubuta sunan cutar da Latin abu guda suke nufi. Gwamnati ta sayi lambobin nasa a 1990, suka zama harshen da duk cibiyoyin ke magana da shi kusan shekara talatin.

Ba bin sawun masu hawan jini ne ya fara jan hankalin likitoci ba. Gajiyar rubuta takardar magani ce. Mai ciwon da ba ya warkewa yana buƙatar sabuwar takarda duk wata ko wata biyu, kuma a cibiya guda ana iya rubuta ɗaruruwa a mako da hannu. Na'ura ta ɗauke wannan wahala. Da ta ɗauke ta kuwa, sai ga jerin duk masu shan insulin, da duk masu shan maganin farfaɗiya, ya samu ba tare da an nema ba. A 1987 kamfanoni biyu, VAMP da AAH Meditel, suka fara raba kwamfutoci kyauta, da sharaɗin a ba su bayanan cututtuka da magunguna bayan an cire sunaye, su sayar wa masu harhaɗa magani. Cinikin bai ɗore ba, amma na'urorin sun zauna. Kwantiragin da gwamnati ta ɗora wa likitoci a 1990, mai biyan lada idan an cika adadin rigakafin yara da gwajin kansar bakin mahaifa, ya ƙarasa sauran. Zuwa 1996 kashi 96 cikin ɗari na cibiyoyin suna da kwamfuta, alhali manyan asibitoci suna ta jan fayilolin takarda a kan amalanke. A watan Oktoban 2000 doka ta yarda likitan unguwa ya ajiye bayanansa a na'ura kaɗai.

Daga nan ne gwamnati ta yi babbar caca. A watan Afrilun 2004 aka fara tsarin da ake kira QOF, wanda ya ɗaura wani kaso mai tsoka na kuɗin shigar likitocin unguwa, har kusan rubu'i, a kan yadda suke kula da masu cututtuka goma da ake daɗewa ana fama da su. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, asma, farfaɗiya, kansa da taɓin hankali. An tanadi maki 1,050, kowane maki yana da farashinsa, wajen fam 75 ga matsakaiciyar cibiya a shekarar farko. A lokacin akwai maki idan cibiya tana da rajistar masu cutar. Akwai maki idan an auna jinin mai hawan jini cikin wata tara da suka wuce, akwai ƙari mai yawa idan awon bai haura 150 bisa 90 ba. Mai ciwon suga kuwa sai an duba idonsa, ƙafarsa, ƙodarsa da matsakaicin sugan jininsa na wata uku. Babu mai cike fom ya kai ofis, daga cikin na'urar ake zaro lissafin kai tsaye.

Ɗakin likita ya sauya kama. Da an buɗe fayil ɗin mutum sai wani ɗan akwati ya bayyana a gefen allo yana tuni cewa ba a auna kaza ba, ba a tambayi kaza ba. Ma'aikatan jinya suka karɓi yawancin aikin duba masu suga da asma, kowace da ranar asibitinta. Magatakarda suna fitar da sunayen waɗanda lokacinsu ya yi, suna aika wasiƙa. Wanda aka gayyata sau uku bai zo ba, doka ta ba da damar a cire shi daga lissafin shekarar don kada ya jawo wa cibiya asara. Wannan sassauci yana da hujjarsa, domin ba a tilasta wa mutum magani. Amma a nan ne tsarin ya rabu da tafarkin Glyncorrwg, inda wanda ya ƙi zuwa shi ne aka fi damuwa da shi.

Gwamnati ta yi kasafi bisa zaton cibiyoyi za su ci kashi 75 na makin. Suka ci sama da kashi 90 tun a shekarar farko, baitulmali ya biya fiye da abin da ya shirya.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? An yi shekaru ana bincike, kuma amsar ba ta faranta ran waɗanda suka kawo tsarin ba. Wani nazari da aka buga a 2009 ya nuna kulawar masu asma da ciwon suga ta ƙara inganta da sauri a farko, daga baya ta tsaya cak, ta ciwon zuciya kuwa da ma tana hawa tun kafin a sa kuɗi. Nazarin ya kuma gano cewa damar mutum ta ganin likitansa guda da ya saba da shi ta ragu. A 2011 aka bi bayanan masu hawan jini kusan 470,000, ba a ga wani canji da za a jingina wa ladan ba. A 2016 Lancet ta buga kwatancen Birtaniya da wasu ƙasashe masu arziki, ba a ga tsarin ya rage mace-mace yadda za a iya nunawa ba. A shekarar ce Sikotland ta yi watsi da shi. Wani binciken na 2018 ya ƙara nuna cewa inda aka cire lada daga wani awo, rubuta shi a fayil yakan ragu nan take.

Adalci dai shi ne a faɗi abin da aka samu. Tazarar da ke tsakanin cibiyoyin unguwannin talakawa da na masu hali ta ragu a shekarun farko. Kusan babu wanda aka gano yana da ciwon suga a ƙasar da sunansa ba ya cikin rajista. Kuma bayanan da suka taru sun zama taska. Rumbun da VAMP ta fara tarawa ya koma hannun ma'aikatar lafiya a 1994, shi ne ake kira CPRD a yau, an yi dubban bincike da shi kan illolin magunguna. Daga bayanan EMIS aka fitar da QRISK a 2007, ma'aunin da ke ƙiyasta haɗarin bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin shekara goma. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, masu bincike suka duba bayanan manya miliyan 17 cikin 'yan makonni, suka tabbatar da cewa masu ciwon suga, masu ƙiba, matalauta, baƙar fata da 'yan asalin kudancin Asiya sun fi shiga haɗarin mutuwa.

Akwai kuma inda aka yi ɓarna. A 2002 gwamnati ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa dukkan asibitocin Ingila a kan tsarin kwamfuta guda, aka ba manyan kamfanoni kwangila daga sama ba tare da an saurari masu aikin ba. A 2011 aka wargaza shi, bayan ya laƙume kuɗin da aka ƙiyasta sun kusa fam biliyan 10. Wani shirin na kwashe bayanan marasa lafiya zuwa rumbu guda, mai suna care.data, ya mutu a 2016 saboda jama'a sun ga ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Manhajar da likitan ƙauye ya rubuta don sauƙaƙa aikinsa ta rayu shekara talatin da ɗoriya, wadda aka ɗora wa mutane daga ofishin minista ba ta kai goma ba. Ita kuwa tsohuwar ambulan, sai a 2021 aka daina buɗe wa sabbin masu rajista ita, kuma har yanzu ana kan ɗaukar hoton miliyoyin da suka rage ana zuba su a na'ura.

Labarin bai tsaya a Turai ba. A Afirka cutar ƙanjamau ce ta fara tilasta wa ƙananan asibitoci riƙe mutum shekara da shekaru, kuma a kanta aka gina manhajar OpenMRS a 2004, wadda aka fara amfani da ita a Eldoret ta ƙasar Kenya, take kuma aiki a cibiyoyin ƙanjamau da dama a Najeriya. A Indiya an ƙirƙiro wata manhajar waya mai suna Simple, wadda ma'aikaciyar jinya ke shigar da awon mai hawan jini cikin daƙiƙu kaɗan, ita kuma ta fitar mata da sunayen waɗanda ranar dawowarsu ta wuce don a kira su. A 2020 ma'aikatar lafiya ta tarayyar Najeriya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, da tsarin magani mai sauƙi da kati da rajista. Buƙatar a bayyane take: rahoton hukumar na 2023 ya ce manya biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, huɗu cikin biyar kuma ba sa samun kulawar da ta isa.

Duk shugaban ƙaramin asibiti da ake yi wa tallan kwamfuta, a Kano ne ko a Maraɗi, ya kamata ya fara da tambayoyi uku kafin ya sa hannu. Masu hawan jini da ciwon suga nawa ne suka yanki kati a nan? Nawa ne cikinsu ba su dawo ba a wata ukun da suka wuce? Wane ma'aikaci ne, da sunansa, aka ɗora wa alhakin kiransu ko zuwa gidajensu? Na'urar da za ta amsa biyun farko cikin minti guda ta cancanci kuɗinta, ta ukun kuwa sai an ware mata mutum da albashi da kuɗin waya. Mai karatu da ke shan maganin ɗayan cututtukan nan kuma, ya riƙe katinsa da kyau, ya nemi a rubuta masa awonsa da ranar dawowa duk zuwan da ya yi, ya kuma koma a ranar ko da yana jin kansa lafiya lau.